"Ba haka yake a littafi ba": tambayoyi da amsoshi kan mayar da labaran almara fina-finai

Duk wanda ya taɓa kallon fim tare da mutumin da ya riga ya karanta littafinsa ya san tsakin nan da ake ja ana tsakiyar kallo, sai kuma a ji an ce, "ba haka yake a littafi ba." Ni ma na ja shi, ba sau ɗaya ba. Na tara tambayoyin da aka fi yi a kan wannan rigima ta masu karatu da masu fim, na amsa su gwargwadon abin da na karanta da abin da na kalla. Wanda bai san ƙarshen labaran nan ba ya yi hattara, domin zan tona wasu.

Waɗanne littattafai ake nufi?

Ƙagaggun labarai na duniyar da marubuci ya gina da kansa, mai sarakuna da matsafa da dodanni masu aman wuta da takubba masu suna. Waɗanda aka fi yin cacar baki a kansu su ne The Lord of the Rings na J. R. R. Tolkien, wanda ya fito kashi uku a 1954 da 1955, da littattafan Harry Potter guda bakwai na J. K. Rowling, daga 1997 zuwa 2007, sai na George R. R. Martin da aka yi Game of Thrones da su.

Me ya hana a ɗauki littafi a yi fim ɗinsa yadda yake, ba ragi ba ƙari?

Lokaci. In mutum ya zauna zai karanta The Lord of the Rings da babbar murya, sai ya haura awa 50 bai rufe bango ba. Fina-finai ukun da Peter Jackson ya yi a New Zealand, waɗanda suka fito a 2001 da 2002 da 2003, ko an haɗa da dogayen da aka saki daga baya a faifai, awa 11 ne da ɗoriya. Littafi na biyar na Harry Potter shafi 766 ne a bugun Birtaniya, fim ɗinsa kuwa minti 138. Ko darakta ya fi kowa son littafin, dole wuƙa ta yi aiki.

Sannan akwai abin da ya fi lokaci wuya. Littafi yana shiga zuciyar mutum ya gaya maka abin da yake saƙawa. Kyamara fuska kawai take gani. Marubuci zai iya cika shafi uku da tsoron da ke cin Frodo, jarumin The Lord of the Rings da ke ɗauke da wani mugun zoben sihiri zai je ya halaka shi, shi kuwa darakta sai ya nemo abin da ido zai kama: hannu yana rawa, zobe yana nauyi a wuya, kiɗa yana sauya murya. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Mafi yawan masoya littafi sun san haka, kuma sun yarda.

To idan sun yarda a yanke, fushin na mene ne?

A nan ne nake ganin ake yi wa masu karatu rashin adalci. Ana zana su kamar masu ƙorafi a kan komai, har launin riga. Akwai irinsu, amma in ka saurari manyan koke-koken da suka shekara 20 ba su mutu ba, za ka ga kusan duk wuri ɗaya suka dosa: an canza halin mutum.

Faramir shi ne misalin da ya fi ci mini rai. A littafin The Lord of the Rings, shi ƙanin Boromir ne, abokin tafiyar Frodo wanda kwaɗayin zoben ya halaka. Frodo da amininsa Sam suka faɗa hannun Faramir a daji, yana da dakaru, su ba su da kowa. Ƙasarsa Gondor tana bakin rugujewa, ubansa kuma ya fi son yayansa a fili. Duk wani dalilin da zai sa mutum ya miƙa hannu ya karɓe zoben nan, Faramir yana da shi. Amma tun kafin ya tabbatar da abin da suke ɗauke da shi ya riga ya ce ko a gefen hanya ya tsince shi ba zai ɗauka ba, da ya gano gaskiya kuma bai tashi daga maganarsa ba. Ya ba su guzuri ya sallame su. Tolkien ya sa shi ne don mai karatu ya ga cewa a gida ɗaya, cikin tsananin buƙata ɗaya, ana samun wanda zai ce a'a.

A fim na biyu, Faramir ya kama su ya tasa ƙeyarsu zuwa birnin Osgiliath da niyyar kai wa ubansa zoben, sai daga baya ya sake su. Marubutan fim ɗin, Jackson da Fran Walsh da Philippa Boyens, ba su ɓoye dalilinsu ba. Sun ce sun shafe awanni suna nuna wa mai kallo cewa zoben nan ba ya barin kowa, in aka kawo wanda ya ƙi shi cikin sauƙi, ƙarfinsa ya zube. Sun kuma ɗage haɗuwar Frodo da ƙatuwar gizo-gizo Shelob zuwa fim na uku, saboda haka suna neman wata matsalar da za ta cike gurbin. Na fahimci hujjar, ban karɓe ta ba. Mun ce hali zanen dutse, kuma mai karatu yana son mutanen littafi ne saboda halinsu. Ka yanke tafiyar wata guda, zai yi shiru. Ka sa mai amana ya yi kwaɗayi, ko na minti 20 ne, ka taɓa masa wani nasa.

Haka abin yake a fim na uku, inda Gollum, ɗan jagoransu mai kwaɗayin zoben, ya haɗa Sam da sharrin cinye guzuri, Frodo ya yarda ya kore shi. Wannan babu shi a littafi sam, kuma masoya da yawa har yau ba su yafe ba.

Ina labarin Tom Bombadil da ake yawan ambata?

Wani dattijo ne mai waƙe-waƙe da ke zaune a daji, wanda zoben ba ya yi wa komai: ya sa shi a yatsa bai ɓace ba. An cire shi gaba ɗaya. Masoya suna kewarsa, amma kaɗan ne za su ce maka cire shi ya ɓata fim. Labarin yana tsayawa cak a gidansa, fim kuwa ba ya jure tsayuwa.

Wanda ya fi zafi shi ne babin da ke kusa da ƙarshe. A littafi, bayan an halaka zobe an naɗa sarki, 'yan Hobbit huɗun, wato Frodo da abokansa na jinsin gajerun mutane, sun koma gida suka tarar 'yan barandan mugun matsafi Saruman sun mamaye ƙasarsu Shire, an sare itatuwa, an ƙaƙaba dokoki, ana kulle mutane. Su da kansu suka tayar da jama'a aka kori azzaluman, ba taimakon matsafi Gandalf, ba na sarki Aragorn. A fim, gida yana nan lafiya lau kamar yadda suka bar shi. Tolkien ya yi yaƙin duniya na farko, yana fagen Somme a 1916, kuma shi da kansa ya rubuta cewa zuwa 1918 aminansa duk sun mutu sai ɗaya. Mutumin da ya ga haka ya san yaƙi yakan biyo ka har ƙofar gida. Na san fim ɗin ya riga ya kai minti 201, na san mai kallo ya gaji, amma ina tare da masu cewa an yi asara a nan.

Shi Tolkien da iyalinsa me suka ce?

Tolkien ya rasu a 1973, bai ga fim ko ɗaya ba, amma ya ga wani tsarin labarin fim da aka aiko masa daga Amurka. A 1958 ya rubuta doguwar wasiƙa yana bin tsarin nan ɗaya bayan ɗaya yana nuna aibinsa. Abin lura, bai ƙi a taƙaita ba. Kukansa shi ne zuzuta abu fiye da kima da cusa abin da babu shi, saboda ba a gane inda zuciyar labarin take ba. A 1969 ya sayar da haƙƙin yin fim ga kamfanin United Artists, shi ya sa iyalinsa ba su da ta cewa a aikin Jackson.

Ɗansa Christopher, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen tace rubuce-rubucen uban, ya gaya wa jaridar Le Monde ta Faransa a 2012 cewa an farke cikin littafin an mayar da shi fim ɗin faɗa na matasa. Magana ce mai nauyi daga wanda ya fi kowa sanin aikin. A ɗaya gefen kuma, fim na uku ya ci kyautar Oscar 11, duk rukunin da aka sa shi bai faɗi ko ɗaya ba, kuma ɗimbin mutane ta hanyar fina-finan suka san akwai littafin. Jackson ya ɗauko Alan Lee da John Howe, masu zanen da suka daɗe suna ƙawata littattafan Tolkien, ya sa su tsara kamannin garuruwa da makamai. Shi ya sa masu karatu da yawa suka ji kamar an shiga kansu an ɗauko hoton.

Me ya sa The Hobbit bai samu irin wannan karɓuwa ba, alhali darakta ɗaya ne?

Garin neman ƙiba aka samo rama. Littafin yara ne da Tolkien ya fitar a 1937, wajen shafi 300, aka ja shi ya zama fim uku daga 2012 zuwa 2014. Wancan karon matsalar ita ce me za a cire, wannan karon me za a ƙara. Aka ƙirƙiro Tauriel, wadda babu ita a littafi, aka haɗa ta soyayya da ɗaya daga cikin wadannin (jinsin Dwarf) da ke tafiya da Bilbo, jarumin labarin. Aka dawo da Legolas na The Lord of the Rings, wanda babu shi a wannan littafi. Aka raya Azog, wani mugun sarkin yaƙi wanda a rubutun Tolkien ya daɗe da mutuwa, ya zama mai farautarsu. Bilbo, mai labarin, ya koma ɗan kallo a fim na uku. Wasu masoya har sun zauna da kwamfuta sun datse fina-finai ukun sun mayar da su ɗaya, suna zubar da duk abin da ba na littafi ba.

Masoya Harry Potter fa, me ke damunsu?

Jerinsu yana da tsawo. An cire Peeves, fatalwar nan mai tsokana da ta addabi makarantar Hogwarts. An cire fafutukar Hermione, ƙawar Harry, ta neman 'yanci ga bayin gida na jinsin Elf. Idon Harry kore ne a littafi, irin na mahaifiyarsa, na Daniel Radcliffe da ya fito a matsayinsa kuwa shuɗi. Fim na uku, wanda Alfonso Cuarón ya ba da umarni kuma da yawa ke cewa ya fi sauran kyau, bai tsaya ya bayyana cewa mahaifin Harry da abokansa ne suka zana taswirar sihirin makarantar da Harry ke amfani da ita ba.

Amma ku duba waɗanda aka fi maimaitawa. A littafi na huɗu, da sunan Harry ya fito daga ƙoƙon wutar da ke zaɓar masu shiga gasa, Dumbledore, shugaban makarantar, ya tambaye shi cikin natsuwa ko shi ya jefa sunan. A fim ɗin 2005, ya rugo a fusace ya cafki kafaɗunsa. Daƙiƙu kaɗan ne, amma natsuwa ita ce Dumbledore. Sai Ron, aminin Harry. A littafi na uku, da karyayyiyar ƙafa ya miƙe tsaye ya gaya wa Sirius Black, wanda suke zaton kashe Harry ya zo yi, cewa in zai kashe Harry sai ya haɗa da su. A fim, Hermione aka ba wannan magana. Irin haka ya faru sau da yawa, har Ron na fim ya koma mai ba da dariya da yawan ci, alhali na littafi aboki ne da ake jingina da shi.

Mutuwar Voldemort, babban maƙiyin Harry, ma haka. A littafi, gawarsa ta faɗi a gaban jama'a kamar ta kowane ɗan Adam, shi da ya ƙarar da rayuwarsa yana gudun mutuwa. A fim ya narke ya bi iska kamar toka. Ya yi kyau a ido, ma'anar kuwa ta tafi tare da tokar.

Rigimar launin fatar jarumai fa? Kishin littafi ne ko wariya?

Akwai duka biyun, kuma ya kamata a raba su.

Ursula K. Le Guin ta rubuta A Wizard of Earthsea a 1968, da gangan ta yi jaruminta Ged mai jar fata da duhu, amininsa baƙi, a zamanin da kusan duk jaruman irin waɗannan littattafai farare ne. Da aka yi fim ɗin talabijin a 2004, aka ba Bature matsayin Ged. Ta fito ta rubuta maƙala mai zafi tana cewa an wanke mata duniyarta an mayar da ita fara. Masoyan da suka mara mata baya suna kan gaskiya, domin launin nan yana cikin abin da littafin ya zo faɗa.

A 2022 kuwa aka zaɓi Leah Sava Jeffries, yarinya baƙar fata 'yar shekara 12, ta fito a matsayin Annabeth a fim mai dogon zango na littattafan Percy Jackson da kamfanin Disney+ ya yi. A littafi Annabeth fara ce mai gashi ruwan zinariya. Wasu suka bi yarinyar da zagi a intanet, har marubucin, Rick Riordan, ya fito ya ce da shi aka zaɓe ta, kuma abin da ake yi mata wariya ce. Mutum yana da damar ya ce ba haka ya zana ta a ransa ba. Amma wanda ya bi 'yar shekara 12 da zagi ba littafi yake karewa ba.

Marubuci yana da iko a kan fim ɗin littafinsa?

Gwargwadon abin da aka rubuta a yarjejeniya, kuma galibi kaɗan ne. Rowling tana cikin masu sa'a. Ta dage sai 'yan wasan Birtaniya, ta hana a cire Kreacher, wani bawan gida na jinsin Elf, daga fim na biyar domin za a buƙace shi a gaba, ta kuma raɗa wa Alan Rickman wani sirri game da malam Snape, wanda ya fito a matsayinsa, tun littattafan ba su kammala ba.

Riordan bai samu haka ba a karon farko. A fim ɗin 2010 aka mayar da Percy ɗan shekara 16 maimakon 12, abin da ya rushe annabcin da labarin duka ya ginu a kansa. A 2018 ya wallafa wasiƙun da ya aika wa masu fim ɗin tun kafin a fara ɗauka, yana gargaɗinsu cewa za su kori masu karatu. Littattafai biyar ne, fim biyu aka yi aka tsaya.

Fim mai dogon zango ba zai magance matsalar ba, tunda akwai lokaci?

Yana rage ta. The Golden Compass na 2007 ya sassauta sukar da Philip Pullman ya yi wa hukumar addini a littafinsa, ya kuma datse ƙarshen mai ban tausayi, ba a sake yin na biyu ba. BBC da HBO suka sake ɗaukar labarin daga 2019 zuwa 2022 a zango uku, suka kai shi ƙarshe.

Game of Thrones kuwa ya nuna lokaci kaɗai ba ya isa. An fara a 2011, shekarar da littafi na biyar ya fito, da fatan Martin zai gama sauran kafin a cim masa. Aka cim masa aka wuce. Zango shida na farko kashi goma-goma ne, na bakwai kashi 7, na takwas kashi 6, jimilla 73. A 2019 sarauniya Daenerys, wadda aka shekara takwas ana nuna ta tana 'yanta bayi, ta ƙone birnin King's Landing bayan an kaɗa ƙararrawar miƙa wuya. Masu kallo da yawa ba su ce hakan ba zai yiwu ba. Cewa suka yi ba a bi da su hanyar da za ta kai ta can ba, an yi tsalle ne kawai. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake zangon ƙarshe.

Kukan masoya yana canza wani abu?

Wannan takardar dai ba ta canza komai ba. Amma lokacin ɗaukar fim na biyu na Jackson, an ɗauki Arwen, masoyiyar Aragorn, tana fafatawa a yaƙin Helm's Deep alhali babu haka a littafi, labarin ya fita, masu karatu suka yi ca, kuma a ƙarshe ba a sa wannan ɓangare a fim ba. Abin da kamfanoni suka fi ji shi ne kuɗin tikiti. Eragon na 2006 ya ɓata wa masu karatunsa rai, ba a kuma yin na biyu ba.

Da wanne zan fara, littafi ko fim?

Littafi, in da hali. Da zarar ka ga fuskar Ian McKellen a matsayin Gandalf, da wuya ka sake zana wani Gandalf naka. Wanda ya fara da littafi yana da biyu, nasa da na fim. Amma in kaurin littafin ne ke ba ka tsoro, kalli fim ɗin. Gara ka shiga ta taga da ka tsaya a waje, kuma Faramir na gaskiya yana nan yana jiranka a littafi na biyu.

Mu ma muna da irin wannan a Hausa?

Muna da littattafan. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, cike suke da aljannu da tafiye-tafiye zuwa ƙasashen da babu su a taswira. Magana Jari Ce, da akun nan da ke riƙe ɗan sarki Musa da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, an taɓa mayar da labaransa wasan kwaikwayo a talabijin ta NTA Kaduna. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko da yake ba na almara ba ne, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976.

In wani darakta ya ɗauki Ruwan Bagaja gobe, na yafe masa tun yanzu ya zubar da rabin garuruwan da Alhaji Imam ya ratsa, ya kuma rage kashe-kashen wayon da suka yi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Abin da zan zauna in duba shi ne dalilin fitarsa daga gida: ko ya bar shi yadda Imam ya rubuta, yaro ya tafi neman ruwan ne don ya wanke Limamin da ya rene shi daga wulaƙancin da aka yi masa a fada, ko kuwa ya sauya masa da neman auren gimbiya.